Amon Bulo

Sau uku Baba Magini ya ƙwanƙwasa bulon da 'yar gudumarsa, sannan ya ajiye shi gefe ya ɗauki wani. Ya gwada goma sha biyu daga lodin da babbar mota ta sauke da safe, duk amonsu ɗaya, dum-dum, kamar an bugi katakon da ya sha ruwa.

"Ba zan yi gini da wannan ba," ya ce.

Manaja yana tsaye a bakin tanderun narka ƙarfe, wanda aka kashe kwana biyar da suka wuce don a sake masa bangon ciki. Ya miƙo takardar kamfanin da ya kawo kayan.

"Baba, ga shi a rubuce. Yana jure zafi har digiri dubu da ɗari bakwai."

"Ai ba takardar za a sa a wuta ba, ranka ya daɗe. Lafiyayyen bulo kamar ƙararrawa yake amsawa. Wannan ko bai gasu ba, ko akwai tsaga a cikinsa."

Babu wanda ya musa. Shekara talatin da ɗaya yana wannan aiki a masana'antar, kuma kowa ya san bangon da ya taɓa tsagewa har narkakken ƙarfe ya cinye ƙafar wani ma'aikaci, da bulon da Baba ya ƙi aka gina shi. Manaja ya duba agogo, ya yi tsaki, ya ce a kai bulo uku ɗakin gwaji. Mutum arba'in suka koma inuwa zaman jira.

Mai kula da ɗakin gwajin 'yar Baba ce ta biyu, wadda kowa ke kira Injiniya, har shi kansa idan suna bakin aiki. Ta auna nauyinsu, ta yanka ɗaya ta duba cikinsa, ta sa sauran a ƙaramin tanderun lantarki, ta ce sai gobe.

Da safe aka buɗe ƙaramin tanderun. Bulon bai tsage ba, bai motse ba, ko bakinsa bai narke ba.

"Injin naki ne ba shi da lafiya," in ji Baba.

Ta ja shi zuwa sito, ta zaro wani bulo daga ragowar na bara, wanda har yanzu alamar allinsa ke jikinsa, shaidar shi da kansa ya yarda da shi.

"Baba, buga wannan."

Ya buga. Dum. Ya gyara riƙo ya sake bugawa da ƙarfi. Can ƙarshen sito, mai gadin kaya ya ɗago kai ya waiwayo saboda ƙarar. Baba ya ga waiwayen nan. Ya daɗe yana kallon bulon da ke hannunsa.

"Tun yaushe kika sani?"

"Tun da Inna ta fara cewa rediyonka ya ishi maƙwabta, kai kuma ka ce ita ce tsufa ya sa take magana a ciki." Ta matso kusa da kunnensa na dama. "Ƙara mai kauri kana ji. Siririyar ce ta tafi."

"Shi ne kika bari na tsayar da masana'anta kwana guda?"

"Da na faɗa maka jiya, za ka yarda?"

Ya mayar da bulon inda yake, ya kakkaɓe hannu, ya nufi ofishin manaja, tana biye da shi.

"A kwaɓa ƙasa, a fara gini. Kayan lafiyarsu ƙalau."

Manaja ya yi dariya. "To, madalla! Kunnen Baba ya amince ke nan?"

Injiniya ta sunkuyar da kai tana gyara takardun hannunta.

"Daga yau duk lodin da ya zo a wuce da shi wurinta," Baba ya ce. "Ni gini zan yi."

Ya shiga cikin tanderun ya yi ta jera bulo har azahar, layi bisa layi, tsakanin kowane biyu ko tsinke ba zai shiga ba. Da aka tashi cin abinci ya same ta a bakin famfo tana wanke hannu. Ya tsaya a gefenta, shi ma ya tara nasa.

"Likitan nan na kunne da uwarki ta dame ni da shi," ya ce, idonsa na kan ruwan, "wace rana yake zama?"