Na'urar Yaya Ta Ce Ana Ruwa

Yayana aikin awo ya yi a babban sito har kansa ya yi fari. Mota ta shigo, ya ɗora kaya a sikeli, ya faɗi nauyi, magana ta ƙare, ko manaja ba ya ja da shi. Da ya ajiye aiki matarsa ta rasu, ga yanar ido ta fara rufe masa gani, sai ya koma ɗakinsa na saman bene ya rasa abin da zai auna. Mutumin da ya saba a tambaye shi ya yanke magana, ya koma sai dai a tambaye shi ko ya ci abinci.

Ɗakin nan na sama shi kaɗai ya rage masa. Gidan nasa ne, da guminsa ya gina, amma ɗansa da matar ɗan sun mamaye ƙasa kaf. Ɗan nan ana ce masa Injiniya. Injiniyan me? Tayil yake sayarwa. Ya taɓa gyara fanka ta yi kwana biyu tana juyawa, shi ke nan suna ya bi shi. Matarsa kuwa Madam, ita ta raɗa wa kanta. Tun shigowarta gidan idonta ke kan ɗakin sama, saboda iska da filin shan iska da ke gabansa. Ta sha ce mini, "Goggo, matakalar nan ta yi wa Baba yawa, ga ɗaki a ƙasa kusa da kicin." Ɗakin da take nufi na ajiyar tarkace ne, ko taga babu. Na ce mata muddin yayana yana da ƙafarsa da hankalinsa ba mai sauko da shi, dangi ma ba za su yarda ba. Ta yi murmushi ta ce, "Ai haka ne, Goggo." Ashe kalmar hankali ta ɗauka ta ɗaure a gefen zane.

Wata rana Yaya ya kira ni a waya, murya kamar ta yaron da aka ɗinka wa sabuwar riga. A rediyo ya ji wani yana bayanin cewa mutum zai iya kafa na'urar auna yanayi a gidansa.

"Auta, ashe ruwan sama ma ana auna shi a gida! Zo ki raka ni kasuwa."

Da jikoki nake, amma a bakinsa ni Auta ce har gobe. Na zo muka shirya, sai ga Injiniya ya ce shi zai kai mu a motarsa. Har na ce yau kuma rana ta ina ta fito.

Mai shagon mutum ne mai haƙuri. Ya jera mana iri uku a kan teburi. Ta farko kamar agogon gefen gado, zafin cikin ɗaki kawai take nunawa. Yaya ya ture ta ya ce wannan ai ba ta san abin da ake ciki a waje ba. Na biyu dogon kofin roba ne garau, da zanen awo a jikinsa, a kafa shi a fili, in an yi ruwa ka fita ka duba ka zubar. Ta uku ita ce babba, kashi biyu ce. Na waje yana da mazurari da wasu 'yan ludayoyi masu juyawa in iska ta kaɗa, na ciki kuma allo ne mai manyan lambobi, ba waya a tsakaninsu. Da ɗigon farko ya faɗa mazurarin, allon zai yi ƙara.

"Ga mai farawa, Baba, ni kofin nake ba da shawara," in ji mai shago. "Ba ya neman batir, ba ya lalacewa, in ya yi maka ƙarya da idonka za ka kama shi."

Yaya ya ɗauki kofin yana bin zanen da babban yatsa, don zanen ya ɗan taso, ana jin sa. Ya ce, "Wannan nake so. Ma'aunin da hannunka bai kai gare shi ba, ba naka ba ne."

Injiniya ya yi tsalle ya dire. "Haba Baba! Kofi? A ce uban Injiniya yana yawo da kofin roba a saman bene kamar mai tarar yoyo? Ga idonka kuma. Babbar za mu ɗauka, ni zan biya."

Nan aka kama yayana. Tun da yaron nan ya girma bai taɓa saya masa ko hula ba. Na ga fuskar Yaya ta saki, ya mayar da kofin kan teburi a hankali, ya ce, "To, Allah ya yi maka albarka." Mai shago ya ce a kafa ta a fili tsirara, nesa da bango da bishiya da duk abin da ke ɗiga, in ana so ma shi zai zo ya kafa. Injiniya ya ce, "Malam, ni za ka koya wa aiki?"

Takardar bayanin ko buɗe ta bai yi ba. Ya hau saman bene ya ga ƙarfen da ke ɗauke da tankin ruwa yana da ramukan kusa, ba sai ya huda ba, sai ya ɗaure ta a can sama inda sai da tsani. Yaya ya ajiye allon a gefen gadonsa, kullum yana goge shi da hannun riga. Ya dawo mutum. Ka gaishe shi, sai ya faɗa maka zafin yau ya fi na jiya da kaza, iska daga gabas take. Wallahi har ƙiba ya fara yi.

Sai rannan da hantsi ya sauko yana dafa bango yana ɗaga murya: "Ku kwashe shanya, ruwa ya sauko!" Rana kuwa kamar ta fasa kai, sama fes. Aka yi dariya, shi ma ya yi, aka ce sabuwar na'ura ce ba ta zauna ba. Bayan kwana biyu ya sake. Ya kuma sakewa. Abin da ya dame ni, kullum sai da baƙi a gidan. Ya sauko ya ce ana ruwa, Injiniya ya ce, "Bari in duba, Baba," ya haye da gudu, ya dawo yana girgiza kai. "Sifiri ne a allon. Ba ta yi ƙara ba, Baba, kai dai ka ji." Sai Yaya ya juya fuskarsa wajen muryar ɗansa ya yi tsaye, shiru, kamar mai jiran a ƙarasa magana, sannan ya koma sama.

Magana ba ta kwana a gida. Kafin wata ya ƙare duk layin sun ji, suka sa masa Baba Hadari. Mai gyaran babur na bakin titi, wanda a da in Yaya zai wuce sai ya miƙe, ya koma yana ɗaga murya: "Baba, in fito da laima ko in bari?" Madam kuwa in ta kai masa abinci sai ta ce, "Baba, a kwashe ko a bari ta sha iska?" ta fito tana toshe baki. Na yi faɗa har muryata ta dishe. Ta ce, "Goggo, in ba mu yi dariya ba ai kuka za mu yi. Kan Baba ya fara taɓuwa. Ranar da ya fita kwashe shanya ya faɗo daga sama, wa za a zaga?" Injiniya ya kira dangi, aka sa rana a zauna a yanke ko za a sauko da shi. Ni kaina, Allah ya sani, tsoro ya fara kama ni.

Ranar taron na yi sammako. Na ɗauki bargon Yaya na fita filin sama zan shanya, sai na ji injin jan ruwa yana aiki a ƙasa. Ban kawo komai a raina ba. Can tanki ya cika, bututun da ke zubar da rarar ruwa ya fara tsiyaya, kuma ina ruwan yake sauka? Cikin mazurarin na'urar, tsaf, kamar an auna. A ɗaki allo ya ɗauki ƙara. Na leƙa tsakar gida, ga Madam tsaye, hannunta a kan makunnin injin, ta karkata kai tana saurare, ga baƙi suna shigowa. Muka haɗa ido. Kunya? Ko kashe injin ba ta yi ba.

Na yarda karon farko wautar Injiniya ce, don wanda bai iya gyara fanka ba ba zai iya shirya wannan ba. Amma da suka gane sai suka bar ta a wurin, suka mai da makunnin famfo abin kiran tsoho.

Na faɗa ɗakin. Yaya yana bakin gado, allon a cinyarsa yana ta ƙara.

"Yaya, kanka ƙalau yake! Tanki ne! Matar ɗanka ce ke kunna inji!"

Ya danna ya kashe ƙarar. "Na sani, Auta."

"Ka sani?"

"Bangon nan rawa yake in an kunna inji. Ido ne ba ni da shi, ba baya ba."

"To don me kake sauka kana ba su abin dariya?"

"Ina sauka ne ko zai faɗa da bakinsa. Kullum sai in ce yau zai ce, Baba, yi haƙuri, tanki ne." Ya ajiye allon ya lalubi takalminsa. "Mu je. Yau ga mutane, wataƙila yau ne."

Falo ya cika. Kawun Injiniya, ƙanin marigayiya mahaifiyarsa, shi aka ba magana. Ban bari ya gama buɗe taro ba na zazzage komai, tanki da bututu da makunni da mai hawa da gudu yana goge lamba. Madam ta dafe ƙirji ta ce ta shiga uku, sharri har a gaban surukai. Injiniya ya ce, "Kowa ya san Goggo ba ta taɓa son matata ba."

Na ce, "Ku taso mu hau, a kunna injin, ido ya raba gardama."

Kawu ya fara miƙewa, sai Yaya ya ɗaga hannu. "Ba mai hawa ɗakina."

Ya juya fuskarsa wajen ɗansa kamar yadda ya saba, ya jira. Jiran ya yi tsawo har wata ta yi tari don ta rage nauyin shirun. Ni da nake da ido na ga abin da shi bai gani ba: Injiniya wayarsa yake latsawa.

"Ba tanki ba ne," in ji Yaya. "Auta tana sona ne, shi ya sa. Ni ne kaina ya fara juyewa. Ku sauko da ni."

Injiniya ya ɗago ya ce, "To, kun dai ji da bakinsa."

Ban san lokacin da na zage shi ba, zagin da ban taɓa yi wa ɗan cikin dangi ba, har aka riƙe ni aka fitar da ni ƙofa. Da mutane suka watse na koma na sami Yaya. Na ce masa ya cuce ni, ya mai da ni maƙaryaciya a gaban jama'a, ya cuci kansa. Ya ce, "Gara a ce na ruɗe, Auta, da a ce ga abin da na haifa."

A makon aka sauko da gadonsa. Aka ture tsofaffin bokitai da ragowar tayil gefe, aka sa shi a tsakiya. Madam ta yi wa ɗakin sama fenti ruwan hoda. Na'urar kuwa, Injiniya ya kira mai shagon nan ya zo ya kafa ta a fili yadda ya ce tun farko. Yanzu aiki take lafiya lau. Madam na yabonta wajen ƙawayenta, ta ce tun da ta same ta ruwa bai taɓa dukan shanyarta ba.

Da damina ta kama na koma shagon na sayi kofin. Mai shago ya gane ni, ya tambayi Baba, na ce yana nan. Ina isa gidan hadari ya haɗo baƙi ƙirin. Na shiga ɗakin na kunna fitila, don ko da rana duhu ne. Yaya ya rame, rigar da ta fara matse shi ta koma tana yawo a jikinsa. Na sa masa kofin a hannu. Ya bi zanen da yatsa tun daga ƙasa har sama, ya gane shi, ya daɗe yana riƙe da shi.

"Ina zan kafa shi?" ya ce.

Sai ruwa ya tsuge, na gaske, mai ƙarfi, yana dukan kwanon rufin kicin har ba ka jin maganar na kusa da kai. Ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya shigo ta ƙarƙashin ƙofa. A sama na ji allon yana ƙara, na ji gudun Madam zuwa igiyar shanya. Yaya ya ɗaga kai, hancinsa ya buɗe, bakinsa ya motsa, sannan ya rufe shi.

Na matsa kusa da kunnensa. "Yaya, ruwa ake yi."

Ya kife kofin a ƙasa kusa da takalminsa.

"Ke kika faɗa," ya ce. "Ni ban faɗa ba."