Likita Ya Tafi Fankshin

Auta na tsugune tana matse tsumma a roba lokacin da ƙaramin likita ya tsaya a gadon Mama, ya danna mata ƙafa da ɗan yatsa. Yatsan ya nutse, ya bar rami, ramin kuma ya ƙi cikowa.

"Yaushe rabonta da fitsari?"

"Tun shekaranjiya ɗan ɗigo-ɗigo kawai take yi," in ji Auta.

"To, za mu ɗebi jini a duba fankshin ɗin ƙodarta. Idan sakamako ya fito, babban likita ne zai faɗi abin da za a yi."

Mama ta buɗe ido ɗaya. "Fansho? Ɗan nan, ni da ban taɓa aikin gwamnati ba, wane fansho gare ni a ƙoda?"

Har matar gadon kusa sai da ta dara. Ƙaramin likita ya ce, "Fankshin, Mama. Turanci ne. Wato yadda ƙodar take aiki." Ya ɗebi jinin ya wuce abinsa.

Auta mai kitso ce, karatunta bai yi nisa ba, amma ba ta wasa da abin da ya fito daga bakin masu ilimi. Ta kama kalmar nan ta ƙulle a ranta tamau. Fankshin, aikin ƙoda. Da hantsi ta leƙa teburin nas, ta gaishe ta har da rusunawa.

"Sista, don Allah babban likita fa?"

Nas ba ta ko ɗago kai daga wayarta ba. "Ya tafi fankshin."

Wani sanyi ya ratsa zuciyar Auta. Ashe babban likita da kansa ya bi jinin Mama don ya ga aikin ƙodar da idonsa! Ta koma bakin gado tana sa masa albarka.

A baranda ta tarar da Direba, maƙwabcinsu da ya kawo su da safe, yana juya makulli a yatsa.

"Auta, ni fa wurin nan bai kwanta mini ba. Ki zo mu ɗauki Mama mu wuce babban asibiti tun da sauran rana. Hanyar da nisa, amma can akwai kayan aiki."

"Haba, Direba! Babban likita da kansa ya tafi kan fankshin ɗinta, ya dawo ya tarar mun gudu? Ai sai ya ce ba mu da mutunci. Je ka nemi fasinjanka, Allah ya saka."

Ya ɗaga kafaɗa, ya tafi.

Rana ta take. Mama ta yi amai, ta sake yi, sai shaƙuwa ta sarƙe ta. Can kuma ta fara kiran Baba, wanda ya daɗe da rasuwa, wai ya rufe ƙofa kada awaki su shigo. Daga bayan ginin ana ta jin kiɗa da gwajin lasifika, Auta ta yi tsaki tana mamakin wane marar imani ne yake kiɗa a asibiti. Duk zuwan da ta yi teburin nas, amsar ɗaya ce, bai dawo daga fankshin ba. Ita kuwa sai ta ƙara haƙuri, tana cewa lallai aikin ƙoda ba ƙaramin bincike ba ne.

Da abin ya ishe ta, ta kira Yaya, babban wansu, wanda shi ne ya sha boko a gidan, kuma ba ya bari a manta.

"Yaya, jikin Mama fa sai a hankali. Amma babban likita ya tafi fankshin tun safe, shi muke jira."

"Ya tafi ina?"

"Fankshin. Na ƙodarta."

Sai ta ji dariya a kunnenta. Dariya! Uwarsu na shaƙuwa a gefe, shi yana ƙyaƙyatawa.

"Kai, Auta, ba ki da dama. Kalmar nan ai fuska gare ta da yawa. In an ce ƙoda tana fankshin, aiki take yi. In an ce mutum ya tafi fankshin, taro ya tafi, biki, cin shinkafa da kaza. Kin ga har a lissafi akwai wani fankshin ɗin daban, lokacin da muke jami'a..."

"Yaya. Biki ka ce?"

"Biki mana."

Ta dafa bango. "To ka taho yanzu. Ni kaɗai ce a nan."

"Zan zo, zan zo. Sai dai ni ma ina da wani ɗan fankshin a ofis da yamma, da zarar an tashi..."

Ta kashe wayar. Ba ta taɓa kashe wa Yaya waya ba a rayuwarta, kuma ko kaɗan ba ta ji ta yi laifi ba.

Wannan karon ba ta rusuna wa nas ba. Ta dafa teburin da hannu biyu.

"Wane fankshin likita ya tafi?"

"Na buɗe sabon injin wankin ƙoda mana. Ba ki jin kiɗa?"

"Sakamakon jinin uwata fa?"

"Ya fito tun ɗazu. Yana nan yana jiransa."

"Tun safe nake sintiri a gabanki kamar mahaukaciya, ba za ki buɗe baki ki ce mini biki ya tafi ba? Hausar ce ta ƙare miki?"

"Ke, ni na hana ki jin Turanci?"

Auta ba ta tsaya ba, don in ta tsaya za a yi abin da ba shi ya kawo ta ba. Ta bi ƙarar kiɗan da silifas ɗinta, zaninta na warin amai. A bayan ginin an kafa rumfa, an jera fararen kujeru, an rataya balan-balan. Manya sun cika gaba, kowa da robar abinci a cinya. A tsakiya ga injin, fari tas, an ɗaura masa jan ƙyalle kamar rago mai zuwa kasuwa. Wani mai tumbi yana riƙe da makirufo yana cewa daga yau babu mai ciwon ƙodar da zai sake wahala a wannan asibiti.

Mai gadi ya tare ta, ta ture hannunsa.

"Ga ɗaya can tana mutuwa!" Muryarta ta danne lasifikar. "Wane ne babban likita a cikinku? Uwata tana can tana kiran matattu, ku kuna nan kuna cin kaza! Tun safe nake sa maka albarka, ashe tafi kake yi wa ƙarfe!"

Mai ɗaukar hoto ya rasa inda zai juya kyamararsa. Wani dattijo mai furfura ya ajiye cokali ya miƙe. Ta so ƙwarai ya yi mata tsawa, don ta samu inda za ta sauke abin da ke cinta. Bai yi ba. Cewa kawai ya yi, "Babu wanda ya kira ni. Mu je."

A bakin gado ya karɓi sakamakon, ya duba, fuskarsa ta canja. Ya taɓa ƙafar Mama, ya saurari ƙirjinta.

"Ƙodar ta tsaya," ya ce. "Dole a yi mata wanki yau."

Sai yanzu Hausa ta samu, Auta ta faɗa a ranta. A fili ta ce, "To ga inji can."

Likita ya kawar da kai. "Bai fara fanksh... bai fara aiki ba. Ba a haɗa masa na'urar tace ruwa ba tukuna, masu haɗawar sai wata mai zuwa. Babban asibiti za ku tafi, yanzu-yanzu." Ya sake duban sakamakon, ya girgiza kai. "Da tun safe kuka wuce da ita, da ya fi."

Maganar ta sauka a ƙirjin Auta kamar taɓarya. Ta buɗe baki, ta rasa wanda za ta fara zagi, nas ce, ko Yaya, ko mai tumbin can, ko ita kanta da ta sallami mota da hannunta. Ta ciro waya.

"Direba, kana ina? Don girman Allah ka juyo."

Bai ce mata ai na faɗa miki ba, kuma wannan ya fi komai yi mata ciwo. Ya ce sai ya sauke mutanen da ya ɗauko, ga shi nan tafe.

Inuwa ta riga ta miƙe lokacin da suka turo Mama a keken marasa lafiya zuwa bakin ƙofa. Hanyar ta gefen rumfar ta bi. An ci gaba da taro kamar ba abin da ya faru, kuma daidai wucewarsu aka yanke jan ƙyallen, tafi ya ɓarke raf-raf-raf.

Mama ta ɗago kai da ƙyar, idanunta a lumshe.

"Auta, biki ake yi?"

"Biki ake yi, Mama."

"Ayya. Allah ya sanya alheri."

Auta ta gyara mata mayafi, ta ƙara tura keken. Ba ta ce amin ba.