Ƙanƙara Daga Jega

Jibrilla ya ja kunamar adakarsa, ta ce ƙas, ko ƙyalli bai fito ba. Ya sake ɗanawa da hannuwa biyu, yana haki, ya sake ja. Shiru.

"Bar wahal da kanka," in ji Gudiya daga ƙofar zaure. Maƙwabciyarsa ce a Karaye, kuma taubashiyarsa, shi ya sa bakinta ba ya jin nauyinsa. "Kai da bindigar duk kun tsuhwa."

"Ba ita ta ba. Ƙanƙarar ta dakushe." Ya kwance ɗan dutsen daga bakin ƙarfen da ke riƙe shi, ya miƙa mata. Dutsen ya cinye kamar tsohon haƙori, babu sauran gefen da za a juya.

Tun damina ya ɗura bindigar saboda gadun da ke tone masa rogo, sai ciwon ƙirji ya riga gadun kama shi. Albarushi da gutsattsarin ƙarfe suna nan a cikinta. 'Yarsa Husna ta dawo jinya da yaranta ƙanana, kuma ita za ta zauna gidan bayansa. Abin da ya hana shi sukuni ke nan: ba zai mutu ya bar musu bindiga da ciki ba.

Ɗanasabe, mijin Husna, ya ce ai kowa ya san albarushin da ya sha damina ya mutu, a rataye ta kawai. Gudiya ta dube shi sama da ƙasa. Wannan "kowa ya sani" ta daɗe tana jin sa, kuma ta san wani a Giwa Tazo da ya yarda da shi, yanzu da hagu yake cin tuwo.

"To a zuba mata ruwa a baki, Baba," in ji Ɗanasabe.

"Ka zuba ma babur ɗinka," Jibrilla ya ce, tari ya sarƙe shi.

Ranar kasuwa Gudiya ta hau mota zuwa Jega. Ta ratsa rumfunan albasa, ta tambayi maƙera ƙanƙarar bindiga, suka yi mata dariya, suka ce Inna wa ke neman wannan yanzu. Can bayan masu sassaƙe da saiwoyi ta sami wani dattijo da tsohon gwangwani, ya zazzage mata duwatsu a tabarma. Ba ta san na kirki ba, sai ta ƙulle masu kama da na Jibrilla a bakin zane.

Da ta dawo ta sami Jibrilla ya ƙara zubewa. Amma da ta kwance ƙullin, ya sa aka jingina shi inda rana ke shigowa. Ya ɗaga na farko. "Wanga alli na, hwashewa za shi yi." Na biyu ya bi shi da farce, ya gano tsaga. "Ke, an aike ki Jega ko an aike ki bakin rahi?"

"Da ka tashi ka tahi da kanka, sarkin maharba."

Ya ɗaga wani ga hasken. Gefensa ya yi ja-ja kamar zuma a kwalba, rana na ratsa shi. Ya kafta shi a bayan wuƙa, tartsatsi ya zubo kan tabarma. Ya riƙe shi gam.

Saura a fitar da bakin dutsen. Sau biyu ƙusar da Jibrilla yake sara da ita na kuɓuce masa. Gudiya ta karɓa ba tare da ta tambaya ba. Ta ɗora dutsen kan fata a gwiwarta.

"Sannu-sannu. Ba dakan gero ba na. Gehe kaɗai, ki bar tsakiya." Yana kallo, tana ƙwanƙwasawa, ɓarɓashi na faɗuwa kamar ƙwayar gishiri. "Ya isa! In kin ƙara kin kashe ta." Ya naɗe ƙanƙarar da fata, ya nuna wa Ɗanasabe yadda zai ɗaure, bakinta ya fuskanci ƙarfen daidai.

A zamanin nan ba a harba bindiga a ƙauye haka kawai; ƙara ɗaya sai mata su goya yara su nufi daji. Gudiya ta je wurin mai unguwa, ta bi gida-gida tana faɗa. Bayan la'asar aka ɗauko Jibrilla a amalanke zuwa bayan gari, inda wani suri yake. Ɗanasabe ya tallabe masa bakin bindigar. Jibrilla da kansa ya zuba sabon albarushi a kunnenta, rabi na zubewa a rigarsa.

"Bismillah."

Adakar ta yi ƙyal, ta ɗan yi jinkiri, sannan ta tashi da ƙarar da ta kori tsuntsaye daga gawo. Gefen surin ya rushe. Ɗanasabe ya tsaya yana kallon ramin.

"Yanzu ku kai ni gida," in ji Jibrilla. A hanya ya ce, "Gudiya, ki yahe man."

"Ni ba ka yi man komi ba, sai surutu." Ta juya fuska tana gyara kallabi.

Bai ƙara fita ba. Ranar Laraba da hantsi Husna ta leƙo ta kan darni tana hawaye, Gudiya ta ajiye taɓarya.

Bayan addu'ar bakwai ta shiga karɓar kwanoninta. Zauren an share shi, an naɗe tabarmar. Adakar na rataye a bango, zanzaro na shiga yana fita, ya riga ya fara liƙe bakinta da laka.