Shaidar Uwar Yara

Kujerar da aka ba matarsa tana hagunsa, can ɗan baya, daidai inda wuyansa ya daina kaiwa. Makaniken ya lura da haka tun shigowarsu, bai kuma so hakan ba. Amma wane shi ya ce wa kwamitin likitoci a gyara zama?

Rabin rayuwarsa a rami ya yi ta, ƙarƙashin manyan motocin kamfanin sufuri, kai a ɗage, baƙin mai na ɗiga masa a goshi. Abokan aiki kan tsokane shi wai ya fi kowa kallon sama, amma bai taɓa ganin hadari ya haɗo ba. Yanzu ƙashin wuya ya danne jijiya, yatsun hannunsa na dama sun fara mutuwa. Magana ɗaya ce ta tara su: in kwamiti ya ce aikin ne ya jawo ciwon, kamfani zai ɗauki nauyin tiyata. In ya ce a'a, hannun zai ƙarasa mutuwa a gida.

Lauyan kamfanin mai sanyin murya ne, irin mutanen da ke taka ka suna yi maka sannu. Ya gama da makaniken, ya juya ga matar.

"Mama, ki gafarce ni. Akwai masu cewa maigidan naki son jiki gare shi, hutu kawai yake nema."

Makaniken ya ji kujerarta ta yi ƙara. Ya san ciwon da aka fama. Tunda ya zauna a gida matan unguwa ke yi mata habaici, wai ƙato da lafiyarsa ya ɗaura soson asibiti a wuya yana cin gumin mace.

"Baban yara ne mai son jiki?" in ji ta. "Mutumin da ko ranar hutu bai san zama ba? Motar maƙwabci, motar ƙanena, duk wanda tasa ta mutu shi yake kira. Ya shimfiɗa kwali ya shige ƙarƙashi har rana ta faɗi."

Tsawon aurensu, kallo ɗaya yake yi mata a gaban baƙi ta gane ta ja bakinta. Ya yunƙura zai waiwaya, zafi ya tsarga masa har gwiwar hannu, idonsa bai wuce bango ba. Ya yi gyaran murya. Sai ta miƙo hannu ta shafa bayansa, tana zaton sarƙewa ya yi.

"Ikon Allah," in ji lauyan. "Tun yaushe yake wannan taimako?"

"Tun kafin kamfaninku ya san da shi."

Babban likitan ya cire tabarau ya ajiye. Aka tashi zaman.

* * *

A baranda wakilin ƙungiyar ma'aikata ya ja makaniken gefe, ya rage murya.

"Sun samu abin da suka zo nema. Za su ce a waje ka ɗebo ciwon."

"Motar maƙwabci sau nawa take lalacewa? Rami fa kullum ne."

"Na sani. Su shakka kawai suke so, kuma an ba su a hannu."

Haushi ya cika makaniken, ya rasa inda zai sauke. Ga matarsa nan tafe, fuskarta a sake, irin sakin da ya daɗe bai gani ba.

"Ka ji yadda na rufe masa baki? Gobe ma ya ƙara." Ta karkaɗe masa kafaɗa. "Yaushe suka ce za a yi aikin?"

Wakilin ya sunkuyar da kai, ya sulale.

"Sai sun kira," in ji makaniken.

Ta ciro waya ta kira babbar 'yarsu. Yana tsaye yana ji tana cewa a wanke masa riguna marasa wuya, a nemo jaka mai ɗan girma, ba a san kwana nawa za a yi a asibiti ba.