Marigayiya Ta Hau Dandamali

A shekara bakwai na farkon aikinta na wasan kwaikwayo, sau goma sha ɗaya ta mutu. Ta mutu a gadon asibiti, ta mutu a bakin titi, sau ɗaya ma tun kafin a ɗaga labule ta riga ta cika, aikinta kawai ta kwanta a yi ta kuka a kanta. Shi ya sa 'yan ƙungiyar suka laƙaba mata Marigayiya, sunan ya bi ta har gida. Mahaifiyarta in ta ji wani ya kira ta da shi, tsintsiya take ɗauka.

Shan inna ne ya kama ƙafafunta tana 'yar shekara uku, tun daga nan a keken guragu take yawo. Bakinta kuwa lafiyarsa ƙalau, ga ta da saurin hadda. Amma Darakta, mai shirya wasanninsu, da ya kalli keken sai tausayi ya kama shi, shi kuma in tausayin mutum ya kama shi sai ya rubuta masa mutuwa.

Wata safiya ya kira ta ofis yana ta murmushi.

"Na rubuta wasa a kan mace mai keke irin naki. Tela ce, tana da shago, har da masu neman aurenta biyu. Kuma ba ta mutuwa."

"Allah ya saka da alheri, ranka ya daɗe. Yaushe zan fara hadda?"

Ya sosa ƙeya. "To, Tauraruwa ce za ta fito a telar. Ke za ki koya mata zaman keke."

Tauraruwa ita ce babbar 'yar wasansu, wadda ake manna hotonta a bango. Marigayiya ta ce ta yarda, don tana son ta ga yadda abin zai ƙare.

Ranar farko ta gwaji, Tauraruwa na zama a keken aro ta fashe da kuka.

"Anti, me aka yi miki?"

"Ina shiga halin matar ne. Ai rayuwarta duk baƙin ciki ce."

"A nan wurin fa cinikin yadi take yi. Ni in ina ciniki, mai yadin ne yake kuka."

Aka ci gaba. Tauraruwa ta tura taya ɗaya ta manta ɗayar, keken ya yi ta juyi da ita a wuri guda. Da ta gano ta biyun, sai ta bi ta kan ƙafar mai neman aurenta. A rana ta huɗu, ana tsakiyar wurin da ya fi ban tausayi, almakashi ya faɗi ƙasa, ta miƙe tsaye ta ɗauko shi ta koma ta zauna.

"Ta warke," in ji Marigayiya. "A rufe labule."

Kullum Marigayiya ce ke nuna mata. Ta shiga tsakanin teburin yanka da keken ɗinki, ta juya a wuri ɗan ƙarami, tana faɗin maganganun telar da ka, masu share zaure su ajiye tsintsiya suna dariya. A mako na biyu Tauraruwa ta duba tafin hannunta da ya yi kanta, ta tashi daga keken.

"Darakta, mu daina wahalar da kanmu. Ga mai abin nan a zaune. Ni ka ba ni uwar miji, na iya masifa a tsaye."

Darakta ya ce shi ba ya ƙi ba ne, amma dandamalin da za a yi wasan matakala biyar gare shi. Da can da take mutuwa, a kan gado ake shigo da ita. Yanzu sai dai a sa ƙarti biyu su riƙa ɗaga ta.

"Ni ba buhun siminti ba ce, ranka ya daɗe. Da kaina zan hau."

Ta je wurin yayanta, kafinta ne, mutum mai son aiki da ido maimakon awo. Ya zo ya ƙare wa matakalar kallo, ya ce kwana ɗaya ya ishe shi. Washegari ya kafa gangara ta katako, mai kyau, har da fenti.

"Yaya, wannan ba ta yi tsaye da yawa ba?"

"Ke dai gwada."

Hawa ya gagara sai da ta ja da baya ta taho da gudu. Saukowa kuwa ba ta tsaya ba sai a layi na uku na kujerun 'yan kallo, a jikin manajan zauren da ya shigo duba fitilu. Yaya ya ciro tef ɗin awo daga aljihu. Gangara ta biyu da ya kafa ta yi daidai.

Wasan ya karɓu. Mako uku aka shirya, aka yi wata biyu. Amma a ranar buɗewa ƙawayenta shida masu keke sun zo kallo, suka tarar ƙofar shigar 'yan kallo ma matakala ce, suka ji wasan daga waje ta taga. Da aka faɗa mata bayan an tashi, tafin da aka yi mata ya fita daga ranta.

Tun daga ranar ta ƙwace tef ɗin Yaya ta sa a jakarta. Duk zauren da aka gayyace ta, kafin ta karanta wasan sai ta auna ƙofar shiga da ta banɗaki. Bayan shekara biyu ta kafa ƙungiyarta: masu keke uku, makaho mai kwaikwayon muryar kowa, da wata kurma da ke fassara wasan da hannu a gefen dandamali, wadda sau da yawa ta fi 'yan wasan samun dariya. Tauraruwa ma takan zo in ana neman mai masifa.

Manajoji suka san ta. Wani in ya hango kekenta sai ya ce a ce ba ya nan. Na babban zauren da ke bayan kasuwa dai ya tsaya ya tare ta a ƙasan matakalarsa goma sha biyu, ya ce shi bai ga amfanin gangara ba.

"Hajiya, shekara ashirin ina nan, ban taɓa ganin mai keke ko ɗaya a cikin zauren nan ba."

"Ta ina zai shiga, yallaɓai?"

Ya juya ya kalli matakalar. Ta miƙa masa bakin tef ɗin.

"Riƙe nan, ka hau sama. In ka kai ka faɗa mini lambar."

Ya tattare rigarsa ya hau. A wata na gaba suka yi wasa a zauren, kuma layin gaba gaba ɗaya kekuna ne.