Kibau a Shagon Aski

Tun da Dogo ya ajiye tuƙin bas, matarsa ta rasa inda za ta sa shi. Ya kwance famfon da bai lalace ba, ya sauya wa kujerun falo wuri, ya fara sa baki a kan yawan gishirin miya. Ƙaninta ne ya cece ta, wanda kowa ke kira Mai Aski saboda shagonsa na bakin kwana. Ya ja Dogo zuwa filin bayan tsohuwar masaƙa, inda wasu ke haɗuwa ranar hutu suna harbi da kwari da baka.

Dogo ya kamu. Ya sayi baka mai tauri, daidai da kafaɗar da ta tsufa tana juya sitiyari. Mai Aski gajere ne, nasa bakan mai laushi. Matsalar ita ce kibau. Bayan buhun da suke harbi akwai katangar masaƙa, kuma Dogo ya fi samun katangar. Kafin wata ya ƙare, kwarinsa ya koma gidan kibiya ɗaya, ita ma gurguwa.

"Yaya ta ce in raka ka shago," in ji Mai Aski. "Ta ce in ba haka ba, sandar labulenta za ka fara feƙewa."

Mai shagon kayan harbin wata mata ce mai tabarau rataye a wuya. Ta jera musu kyauro iri-iri a kan kanta, wato sandar kibiya tun ba a sa mata tsini da gashi ba: na kabon mai baƙi da sheƙi, na alminiyam, na gora, na katako. Dogo ya ɗauki na kabon ya tambayi kuɗinsa. Da ya ji, ya mayar da shi a hankali kamar mai ajiye ƙwai.

"Malama, wannan in na harba, shi zai je ya yanka naman ya dafa?"

"Ba ya lanƙwashewa dai," ta ce, ba ta yi dariya ba. "Ja bakan naka in gani."

Ya ja. Ta auna daga tsarkiya zuwa gaban hannunsa, ta auna na Mai Aski, ta dube su duka biyun.

"Kai dogon kyauro kake so, mai tauri. Shi kuma gajere, mai ɗan laushi. In kyauro ya yi wa baka laushi, zai tafi yana rawa kamar kifi. In ya yi tauri, zai kauce gefe."

Idon Dogo ya riga ya sauka a kan wata ganga da ke lungu, cike da sandunan katako masu ƙura.

"Waɗancan fa?"

"Waɗanda aka ware ne. Wasu sun karkace, kuma taurinsu a gauraye yake. In kuna da haƙuri, zafi na miƙar da su."

"Lokaci ne da ni kamar ƙasa," in ji Dogo. "Haƙurin kuma ga surukina."

Suka kwashe rabin gangar a kuɗin da bai kai na kabon uku ba. Ta koya musu gwaji: a mirgina kyauro a kan abu shimfiɗaɗɗe a ga ko yana tsalle, sannan a ɗora shi a kan ƙusa biyu a rataya masa nauyi a tsakiya, a ga yadda zai sunkuya.

A gida suka share teburin cin abinci. Duk sandar da suka mirgina sai su ga haske a ƙarƙashin tsakiyarta. Suka juya ta, hasken yana nan. Dogo ya fara cewa matar nan ta cuce su.

"Teburin ne," in ji matarsa daga ƙofar kicin. "Tun ranar da ka hau shi ka sa ƙwan fitila cikinsa ya lotsa. Ku tattara mini itacenku."

Haka aikin ya koma shagon aski. Mai Aski ya sauko da babban madubinsa ya kwantar a kan benci, ya buga ƙusa biyu a jikin ƙofa, ya cika gorar man gashi da yashi ta zama ma'auni. Na'urar busar da gashi, wadda ta daɗe ba a taɓa ta ba, ta sami aiki: a hura wa inda ya karkace zafi, a danne a tafin hannu, a sake mirginawa.

Masu zuwa aski suka rasa madubin kallon kansu, amma ba wanda ya yi ƙorafi. Wani kafinta, rabin kansa a aske, ya sauko daga kujera da ƙyalle a wuya ya rufe ido ɗaya yana leƙa sanda. Wani malamin makaranta ya dage cewa a shinshina itace ake gane mai ƙarko. Kowa ya zama gwani. Kafin mako ya zagayo, an ware dami biyu: masu tauri an ɗaure da jan zare na Dogo, masu laushi da baƙin zare na Mai Aski.

Saura yanka. Dogo ya tafi kai matarsa asibitin haƙori, ya bar wa surukinsa ƙaramin zarto. Mai Aski ya yanke nasa daidai hannunsa. Hira ta yi daɗi, kafinta na ba da labarin wani maƙwabcinsa da akuya, hannun Mai Aski kuwa hannu ne da bai saba ganin abu ya yi tsawo ya ƙyale shi ba. Sai da ya share guntayen ya ga jan zare a ƙasa.

Dogo ya dawo ya ɗauki ɗaya ya ɗora a baka. Bai gama ja ba, bakin kyauron ya zame ya faɗo a kan takalminsa. Ya sassauta tsarkiyar, ya dubi sandar, ya dubi surukinsa.

"Na ce ka rage naka."

"Na rage."

"Nawa fa?"

"Su ma na ɗan gyara musu fuska."

"Ɗan gyara? Ai ƙwal kwabo ka yi musu."

Mai Aski ya ce su yi musanya, ko ya riƙe duka ya biya. Ba ta yiwu ba: nasa ma gajeru ne, na Dogo kuma da aka rage sun ƙara tauri, sun fi ƙarfin bakan Mai Aski. Dogo ya fita bai yi sallama ba. Kwana biyu ya bi ta wancan gefen titi, a rana ta uku kuma aka gan shi a shagon wani mai askin, abin da ya fi zagi zafi. An yi masa aski mai tudu da kwari. Matarsa ta kalle shi, ta ce ba za ta zauna tsakanin miji da ƙani a kan itace ba, ta kwashe damin ta kai wa mai shagon kayan harbi da kanta.

Mai shagon ta sa tabarau ta duba. Ta ce abin ba na kuka ba ne: ana tsaga bakin kyauro a dasa masa guntun itace mai ƙarfi, a manne, a goge. Tsawo zai dawo, gaban kuma zai fi jure duka. Ta nuna mata irinsu a cikin akwatin gilashi, su ne mafi tsada a duk shagon.

Kafinta ya karɓi aikin, da sharaɗin aski kyauta har gashinsa ya gaji da fitowa. Ya samo ragowar wani jan katako daga ƙafar gadon da ya taɓa gyarawa. Da ya gama, kowane kyauro fari ne mai jan baki, haɗin kamar a haka aka haife shi. Mai Aski ya manna gashin talotalo, ya daidaita shi da almakashinsa mafi kaifi, ya kai wa Dogo har gida, ya kuma gyara masa kan da aka ɓata. Dogo kuwa ya daɗe yana juya kibiya ɗaya a gaban taga.

Wani mai lambu a cikin 'yan filin ya daɗe yana kukan zomaye na cinye masa kabeji, ya gayyace su. Suka tafi da safe, suka laɓe a bayan tankin ruwa. Ba a jima ba wani ƙaton zomo ya fito ya zauna a kan kunya, yana tauna kamar an yi masa gayya.

Dogo ya ja baka. Kibiyar ta zauna daram, tsawonta ya isa har da saura. Ya saita, ya daɗe, sannan ya sauke.

"Me ya faru?" Mai Aski ya raɗa.

"Akwai duwatsu a bayansa."

"To?"

"In na kuskure, ta karye."

"Ai don harbi aka yi ta."

"Kai harba taka. Taka ba ta da jan baki."

Mai Aski ya harba. Kibiyarsa ta tafi sak, ba rawa ba kaucewa, ta soke wani ƙaton kabeji a tsakiya. Zomon ya ɗaga kunne, ya ƙarasa abin da ke bakinsa, ya shige rami ba gaggawa.

Mai lambu ya zo ya tsaya a kan kabejin, ya ce tunda sun kashe, sai su ɗauki namansu. Dogo ya saɓa shi a kafaɗa da kibiyar a jiki, haka suka ratso unguwa. A ƙofar gida matarsa ta karɓa ta juya shi, ta tambayi wanda ya yi harbin.

"Shi ya harba," in ji Dogo. "Ni na nuna masa inda zai samu."