Fitilar Abarci

"Ɗaga hannuwanka su gani, Baba," in ji dirakta.

Abarci ya ɗaga su. Hannuwa ne da suka shekara arba'in suna haƙar rijiya daga Dakoro har Azagor, yatsun sun kanannaɗe, biyu ba farce. Ranar sana'o'i ce a kwalejin, an tara 'yan ajin da za su yi jarrabawar birbe don su ji aikin da ke jiransu. Likita ya yi magana an tafa, jandarma ma haka. Siddiq, malamin tarihi da ake ce wa Mushe, wato malam da Faransanci, shi ya kawo Abarci, domin katanga ɗaya ta raba gidajensu, kuma shi aka sa ya yi tafinta.

Dirakta ya juya wajen yara, ya koma Faransanci.

"Ku dube shi da kyau. Duk wanda ya faɗi birbe, ga ƙarshensa nan, cikin rami."

Aji ya fashe da dariya, wani malami ya ɗauki hoto da salula.

"Mushe, mi ya ce?" Abarci ya tambaya.

Kunya ta rufe Siddiq. Amma ɗan kwantiragi ne, kuma sa hannun dirakta ke riƙe da tuwonsa.

"Ya ce hannuwan nan su sunka shayar da ƙasa."

Tsoho ya gyara babbar rigarsa da ya sa aka yi wa bugu saboda ranar. Ya ciro wata tsohuwar fitilar ƙwai daga jaka.

"Kahin mutum shi shiga rijiya, wagga ake zurawa da igiya. In ta mutu, iskan ƙasan nan mugu ne, kada ka…"

"Lokaci ya ƙare," dirakta ya katse shi.

"To, mai son koyo shi zo gidana ran Asabar. Kyauta," in ji Abarci.

Asabar tun hantsi matarsa Kaka ta share ƙofar gida. Abarci ya shimfiɗa tabarma biyu, ya jera igiya da diga da fitila. Ba wanda ya zo. Yaran dai sun iya hanyar gidan, sukan bi da yamma suna rera "Baba Rami" suna gudu, 'ya'yan mutanen da ke shan ruwan rijiyarsa safe da maraice.

Ƙurar rami ta daɗe da cinye wa Abarci ƙirji. Siddiq yana jin tarin ta katanga, yana jin tambayar kuma kowace Asabar.

"Mushe, ina ɗiyan naka?"

"Jarrabawa ta riƙe su, Baba. Sati mai zuwa."

Sau biyu ya shiga aji da niyyar roƙon ko mutum uku su bi shi, ko na minti goma. Sau biyun ya hango dirakta a baranda, ya buɗe littafi ya ci gaba da darasi.

Asabar ta bakwai Abarci bai iya fitowa ba. Kaka ta leƙo ta katanga ta ce yana kira. Siddiq ya same shi kwance a kan gadon kara, numfashi yana fita da ƙyar, fitilar tana gefen kansa.

"Sun zo?"

"Suna hanya, Baba."

Abarci ya yi murmushi.

"Siddiq, shekara bakwai na yi ina haƙa ma Nasara rijiyoyi a Tagriss. Ba ni iya mayar da magana da Hwaransanci, amma ina ji."

Siddiq ya kasa ɗaga kai.

"Na ji abin da mai gidanku ya ce. Na ji naka kuma. Naka na ɗauka, ya hi daɗin ɗauka." Tari ya tsare shi, ya jira ya lafa. "Na dai zaci cikin yara sittin za a samu ɗaya da bai yi dariya ba."

Kafin la'asar ya cika. A maƙabarta masu haƙa suka yi ta fama da ƙasa mai tauri, wani dattijo ya ce da Abarci ne da tuni an gama.

Ran Litinin Siddiq ya tarar an manna hoton a allon sanarwa, Abarci da hannuwa sama yana murmushi. A ƙasa an rubuta: "Zaɓi na gare ka."

"Allah shi jiƙan tsohonka," in ji dirakta, yana juya cokali a kofin shayi. "Ya yi mana amfani hwa, yara sun tsorata. Baɗi ka samo mana wani."

Siddiq ya ce to. Da bakinsa ya ce to.

Da ya koma gida, Kaka ta miƙo masa fitilar ta kan katanga.

"Ya ce a ba wanda ya hwara zuwa koyo. Ni kau ban ga kowa na zuwa ba sai kai."

Siddiq ya karɓa ya ajiye a dokin ƙofa. An goge ƙwan tas, an datse lagwani, kananzir cike har wuya.